Yadda Ake Wanke Bindigar Ruger 10/22, a Sa Mata Mai, a Sauya Mata Kaya

Wannan bayani na ɗan'uwa ne mazaunin Amurka wanda ya mallaki bindigarsa ta farko bisa ƙa'ida, yana zuwa filin harbi ko farautar zomo da kurege, amma bai taɓa kwance ta ba. Na zaɓi Ruger 10/22 ne don ita masu koyo da yawa ke fara saya. Kamfanin Sturm, Ruger ya fito da ita a 1964, tana cin ƙaramin harsashin nan .22 LR, magazin ɗinta mai juyawa yana ɗaukar harsashi 10, kuma duk jan kunama ɗaya harbi ɗaya ne, sai ta ɗana kanta da kanta. Dokar mallaka ta bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma wanda ya shigo da bizar ziyara ko ta karatu dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai a 'yan yanayi ƙalilan. Ka tabbatar da matsayinka kafin komai. Idan kuwa a Najeriya kake karanta wannan, dokar makamai ta 1959 ta haramta riƙe bindiga ba tare da lasisi ba.

Abu ɗaya za ka riƙe game da yadda take aiki. Idan harsashi ya tashi, ƙarfin da ya tura dalma gaba shi ne yake tura kwanso, wato ɓawon harsashin da albarushi ke ciki, baya, kwanson ya tura sakata, wato dunƙulen ƙarfen nan mai kai da komo a cikin akwatin bindigar. Sakata ta ja baya ta yar da kwanso, ta danne guduma, wato ƙarfen da kunama ke saki ya yi bugun da ke tayar da harsashi, sannan sifirin ya dawo da ita ta kwaso sabon harsashi. Ƙarfin .22 kaɗan ne, babu rara. Ga shi harsashi ne mai ƙazanta: dalmarsa shafe take da kakin da ke narkewa, albarushinsa ba ya ƙonewa duka, kuma duk lokacin da sakata ta buɗe, hayaƙi da toka a cikin akwatin suke zubewa. Saboda haka dattin da ke hana ta aiki a fuskar sakata da ɗakin harsashi, wato gindin bututu inda harsashi ke zama, yake taruwa, ba a tsawon bututu ba. Mai koyo yakan ɓata sa'a guda yana dirzar bututu, ya bar inda cutar take, sannan ya malala mai. Man nan ya haɗu da toka ya zama kwaɓi, bindiga ta fara cijewa.

Kayan aiki

Sukudireba mai bakin da ya cika tsagin noti daidai. Sababbin samfura notin ƙasansu na makullin alan ne, ka duba taka. Sukudireban da ya yi wa tsagi kaɗan shi ke cinye kan noti ya karce ƙota, wato jikin katako ko roba da ƙarfen bindigar ke zaune a ciki.

Ɗan siririn ƙarfe na tura ƙusoshi. In babu, ƙaramin makullin alan ko tsinken cin abinci na katako ya isa, don ƙusoshin 10/22 ba su da tauri.

Igiyar goge bututu ta awon .22, irin su BoreSnake, ko siririyar waya mai rufin roba da ake maƙala wa ƙyalle. In ba ka samu ba, yanki zaren injin yankan ciyawa mai tsawon da ya fi bututun, ka narka ƙarshensa ɗaya da ashana ya yi ɗan kai, ka fiƙe ɗayan, ka soka ƙyalle ya tsaya a kan. Yana aiki sarai.

Burushin tagulla na .22, da tsohon burushin haƙori, da tsinken sakace, da audugar goge kunne.

Ƙananan ƙyallayen auduga da tsumma mai tsabta. Tsohuwar singileti da aka yayyanka ta fi takardar goge hannu, wadda ke barin ɓurɓushi.

Ruwan narka datti, irin Hoppe's No. 9, da man bindiga marar kauri. Akwai masu haɗa aikin biyu a kwalba ɗaya, kamar Break-Free CLP da Ballistol, kuma ga .22 ɗaya daga cikinsu ya wadatar. In ka rasa man bindiga, man keken ɗinki zai riƙe ka na ɗan lokaci. Kada ka kusanto da man gyaɗa ko wani man girki, yana daskarewa ya yi danƙo. Fetur kuma babu shi a wannan aiki. WD-40 an yi shi ne don korar ruwa, ba ya daɗewa a matsayin mai, ban yarda a dogara da shi ba. Feshin wanke birkin mota yana iya cin fenti da roba, alhali gidan kunamar sababbin 10/22 na roba ne.

Safar hannu ta roba, tabarau na kariya, farin tawul da za ka shimfiɗa a tebur, da ƙaramin kwano na zuba ƙusoshi. Littafin da ya zo da bindigar ya kasance a buɗe a gefenka. In ya ɓata, kamfanin ya sa shi kyauta a shafinsa na intanet.

Mataki na 1: Tabbatar babu harsashi

A nan ake rasa rai, don haka ba na gajiya da nanata shi. Juya bakin bindiga inda ko ta tashi ba za ta sami kowa ba, ka tuna harsashin .22 yana huda bangon katako na gidajen Amurka. Yatsanka nesa da kunama. Fara cire magazin. Bayan nan ka ja sakata baya ka kulle ta a buɗe da ɗan ƙarfen da ke gaban garkuwar kunama. Leƙa ɗakin harsashi a cikin haske, ka sa ɗan yatsa ka taɓa. Tsarin nan ba a juya shi: in ka ja sakata kafin ka cire magazin, da ta koma za ta ɗora sabon harsashi, kai kuwa kana zaton ka sauke.

Kada ka yarda da jan sakata kawai. Idan ƙugiyar fizgo kwanso ta yi datti, tana iya zamewa ta bar harsashi a zaune a ɗaki. Ido da yatsa ne shaida.

Kwashe duk harsasai, har na cikin magazin, ka kai wani ɗaki. Buɗe taga. Ba ci ba sha a teburin, kuma yara su yi nisa, saboda ƙurar dalma guba ce, ta fi yi wa ƙananan yara da masu juna biyu illa.

Mataki na 2: Raba ƙarfe da ƙota

Saki sakata ta rufe a hankali, kada ka ja kunama, ana son guduma ta kasance a ɗane. In taka mai zoben da ya ɗaure bututu da ƙota ce, sassauta notin zoben ka zare shi ta gaba. Juya bindigar, ka kwance babban notin da ke gaban ramin magazin.

Ga inda kowane sabon hannu ke cijewa. Maɓallin sefti, mai hana bindiga tashi, sai ya tsaya a tsakiya, ya leƙo daidai wa daida ta hagu da ta dama, sannan ƙarfe zai fita. In yana gefe ɗaya zai kama katako, in ka matsa ka ɓantare ƙota. Da ya daidaita, ɗaga bututu sama ta gaba, ƙarfen zai fito salin-alin. Yi wannan a kan tawul, don ƙusoshin kan zube da kansu idan bindiga ta kwana biyu.

Mataki na 3: Cire gidan kunama da sakata

Ƙusoshi biyu ne suka riƙe gidan kunama a jikin akwati. Tura su su fita, ka zuba a kwano, gidan zai sauko gaba ɗayansa. Ajiye shi gefe. Kada ka ja kunama yana waje, gudumar za ta faɗa da ƙarfi babu abin da zai tare ta. Kuma kada ka kwance abin da ke cikinsa. Kamfanin da kansa ya ce a bar shi a haɗe, wankin yau da kullum bai buƙatar haka.

Kifa akwatin, cikinsa na kallon sama. A can baya akwai ƙusa ta uku mai kauri, wadda sakata ke dukawa idan ta ja baya. Tura ta waje. Yanzu ja mariƙin sakata har ƙarshe da hannu ɗaya ka riƙe, da ɗaya hannun ka ɗaga gaban sakatar ta rabu da mariƙin, ka fito da ita. Sassauta mariƙin a hankali, don sifirin yana matse, ka zare shi tare da sandarsa ta tagar da kwanso ke fita. Sa tabaranka kafin wannan.

Iyakar kwancewar ke nan. Bututun yana ɗaure da wani ɗan ƙarfe mai noti biyu a ƙasa, ka bar shi. Kafin ka ɗaga kowane abu, ɗauki hotonsa da waya, zai yi maka amfani wajen mayarwa.

Mataki na 4: Sakata da cikin akwati

Rabin lokacinka a nan zai tafi, kuma ya cancanta.

Ɗauki sakata ka dubi fuskarta. Akwai ɗan zagayayyen gurbi inda gindin harsashi ke zama. Za ka ga baƙin datti ya daskare a kewayensa. Ɗiga ruwan wanki, ka bar shi ya jiƙa minti biyar, ka goge da burushin haƙori, ka bi kusurwoyin da tsinken sakace. Kada ka kankare da wuƙa ko allura. Idan gurbin nan ya cika, harsashi ba ya zama daram, allurar bugu, wadda ke dukan gindin harsashi ya tashi, sai ta same shi da rauni, ka ji ƙyas babu tashi.

A gefen dama na sakatar akwai ƙugiya. Tura ta da farce, ka ga tana motsi tana komawa da ƙarfinta. Share ƙarƙashin bakinta da kyau. A saman sakatar kuma allurar bugu ce kwance a tsaginta. Tura ta gaba ka saki, ya kamata ta koma ba tare da jan jiki ba. In tana nauyi, ɗiga ruwan wanki a tsagin, ka yi ta motsa ta har baƙin ya daina fita, ka busar. Wannan tsagi a bushe ake barinsa.

Koma cikin akwatin. Goge rufinsa da bangayensa da ƙyalle mai ɗan danshi. Za ka ga inda sakata ta goge fenti ya yi fari, wannan ba lahani ba ne, akwatin na alminiyam ne, haka yake yi. Sai ka dubi gindin bututu, inda sakata ke rufewa a kai. A gefensa akwai ɗan tsagi da ƙugiya ke shiga. Tsagin nan shi ne wurin da aka fi mantawa a duk bindigar. In ya toshe, ƙugiya ba ta kama leɓen kwanso, sai ka ga kwanso ya maƙale a taga ko ya zauna a ɗaki. Bi shi da tsinke har ka ga ƙarfe.

Sandar sifirin, ja sifirin baya kaɗan ka goge ta da tsumma. Gidan kunama kuwa, burushi busasshe ya ishe shi: kakkaɓe tokar da ke kan guduma da kewaye. In kana da gwangwanin iskar share kwamfuta, hura masa.

Mataki na 5: Ɗakin harsashi da bututu

A yawancin samfuran 10/22 bayan akwatin a rufe yake, sandar goge bututu ba ta shiga ta baya. Shi ya sa igiya ta fi dacewa: zura ta daga ɗakin harsashi, ka jawo ta baki, yadda harsashi ke bi. Jiƙa ƙyalle ka ja sau ɗaya, jira minti kaɗan, sannan ka bi da busassu har su fito da ɗan toka-toka kawai. Ba sai sun fito fari fat ba.

In sanda kaɗai gare ka, dole ta baki za ka shiga, to ka kiyaye leɓen bakin bututu. Nan ne wuri na ƙarshe da dalma ke taɓawa kafin ta fita, ƙaramin rauni a wurin yana karkatar da harbi har abada, sai maƙerin bindiga ya sake gyara shi. Sa 'yar hular roba mai shiryar da sanda, ko ka riƙe sandar da yatsu biyu a tsakiya kada ta gogi gefe. Idan burushi ya shiga, kai shi har ya fita ta ɗaya ƙarshen kafin ka jawo, ba a juya shi a tsakiyar bututu. Haka ma wajen jan igiya, ja ta miƙe, kada ta riƙa gugar gefe ɗaya.

Ɗakin harsashi shi ne mai buƙatar burushi. A gabansa, daidai inda bakin kwanso ke ƙarewa, kaki da toka kan yi zobe mai tauri. Shi ke hana harsashi shiga duka, ya kuma riƙe kwanso. Lanƙwasa mariƙin wani tsohon burushin tagulla, ko ka ɗaura shi a gajeriyar waya mai lanƙwasuwa, ka jiƙa, ka shigar kamar inci ɗaya, ka murza sau da yawa. Bi da ƙyalle har ya bushe.

Ra'ayina game da bututun .22 shi ne a rage damunsa. Harsashin na dalma ne, ba ya barin tagulla a ciki kamar masu rigar tagulla, don haka ruwan wanki mai ƙarfi na manyan bindigogi ba shi da aiki a nan. Za ka ma lura bayan wanki mai tsanani harbi yakan ɗan warwatse, sai an yi goma ko ashirin kakin ya sake shimfiɗuwa kafin ya dawo. Ni ina wanke sakata da ɗaki bayan harsashi 300 zuwa 500, bututu kuwa jan igiya sau biyu bayan kowace fita, burushi sai in na ga harbi ya lalace.

Haska ɗakin harsashi ka leƙa ta bakin bututu. Kada ƙyalle ko zare ya saura a ciki.

Mataki na 6: Sa mai

Mai a bindigar nan kamar gishiri ne a miya, in har ana ganinsa ya yi yawa. Ɗiga ɗigo biyu a ƙyalle, ba a kan ƙarfe ba. Shafa saman sakata da gefunanta, duk inda ka ga gogayya ta sa ƙarfe sheƙi. Shafa ƙasan bayanta inda take danne guduma. Ɗigo ɗaya a sandar sifirin, ka baza da yatsa. In ka taɓa ka ji santsi amma yatsanka bai jiƙe ba, ka dace.

Wuraren da mai ba ya zuwa: fuskar sakata, tsagin allura, ɗakin harsashi, cikin magazin, da harsasai kansu. Mai yana iya ratsa harsashin .22 ya kashe shi ko ya raunana shi, kuma raunannen harsashi kan bar dalma a tsakiyar bututu. In ka taɓa jin ƙarar harbi ta yi sanyi ba kamar kullum ba, tsaya nan take, sauke, ka duba bututu kafin ka sake harbawa.

Giris ban ba da shawararsa a nan, ƙarfin harsashin bai kai ya ja sakata a cikinsa ba. Yanayin garinku ma yana da ta cewa. Mai zaune a Minesota ko Ohayo, a hunturu mai kan yi kauri, ka rage shi ƙwarai ko ka koma ga busasshen mai na feshi. Mai zaune a Hustan ko Atlanta, damuwarsa laima ce: shafa ƙyalle mai ɗan mai a bayan bututu da duk baƙin ƙarfe bayan kowace taɓawa, don gumin hannu kaɗai yana jawo tsatsa. In za a ajiye bindigar wata da watanni, ja ƙyalle mai mai a cikin bututu, amma ka tuna ka busar da shi kafin harbi na gaba.

Mataki na 7: Magazin

Yawancin cijewar da ake ɗora wa bindiga, magazin ne. Goge leɓunan ƙarfensa da burushi, ka tura abin juyawar ciki da tsinke ka ga yana dawowa da hanzari. Kifa shi ka bubbuga, toka za ta zubo. Yana kwancuwa, amma sifirin cikinsa a murɗe yake da awo, in ka saki ba ka san adadin murɗin ba, ka sami aiki. A karon farko ka bar shi a haɗe. In kana da fiye da ɗaya, rubuta musu lamba a gindi, don ka gane wanda ke ba da matsala.

Mataki na 8: Mayarwa da gwaji

Zura mariƙi da sandarsa ta taga, ƙarshen sandar ya zauna a ɗan gurbinsa da ke bayan akwati. Ja mariƙin baya har ƙarshe ka riƙe shi a miƙe, ka saka sakata ta sama, gabanta ya faɗa kan mariƙin. Wannan ne wuri mafi wuya, yakan ƙi sau da yawa kafin ya shiga. In ya ƙi, mariƙin ne ya karkace ko bai kai ƙarshe ba. Kada ka buga. Da ta zauna, ja ka saki ka ji tana tafiya sumul, sai ka mayar da ƙusa mai kauri.

A saman gidan kunama akwai ɗan siririn ƙarfe mai harba kwanso waje, yana lilo a kan ƙusarsa. Tabbatar ya kwanta gaba a tsaginsa, guduma kuma a ɗane, kafin ka ɗora gidan. Sa ƙusoshi biyu, su shafe daidai da bango ta kowane gefe. Mayar da sefti tsakiya, ka fara zaunar da bayan akwati a ƙota, ka sauke gaba. Ɗaure notin ƙasa ya kama, ba da ƙarfin tsiya ba, kuma ka riƙa ɗaure shi da ƙarfi iri ɗaya kowane karo, don bambancinsa yana motsa inda harbi ke sauka.

Gwaji ba harsashi, baki na kallon wuri mai aminci. Sake leƙa ɗaki. Ja sakata ka saki. Sa sefti, jan zoben da ke jikin maɓallinsa ya ɓuya, ka ja kunama: kada komai ya faru. Cire sefti, ja kunama, ka ji guduma ta faɗa. Riƙe kunamar a jaye, ja sakata ka saki, sannan ka sassauta yatsa a hankali har ka ji ɗan ƙas. Sake ja, guduma ta faɗa. In guduma ta bi sakata da kanta, ko ta faɗa alhali sefti na kai, kada ka sa mata harsashi, kai ta wurin maƙerin bindiga.

Wanke hannu da sabulu da ruwan sanyi. Kulle bindigar, harsasai a wani wurin daban mai makulli. Jakar soso ta tafiya ce, ba ta ajiya ba, tana riƙe laima.

Sauya kaya

Babu wata bindigar .22 da aka yi wa kayan ƙari kamar 10/22, har mutum na iya haɗa guda sukutum ba tare da ƙarfen Ruger ko ɗaya ba. Wannan yalwa ita ke cinye kuɗin masu koyo. Shawarata, harba harsashi 1,000 a yadda ta zo kafin ka sayi komai, lokacin za ka san abin da ke damunka da gaske. Kuma abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a je fili a gwada. In ka sauya uku ta fara cijewa, ba ka san mai laifi ba.

Gyara mafi araha shi ne harsashi. Sayi ƙananan fakiti iri huɗu ko biyar, ka harba kowanne a yadi 25 ko 50 bisa matashi, ka ga wanda ya fi taruwa wuri ɗaya kuma bai cije ba. Bindigogi biyu 'yan gida ɗaya kan bambanta a nan.

Na biyu maratayi da saiti, wato abin auna hari. Maratayi ba na rataya kaɗai ba ne, in an naɗe shi a dantse yana tsayar da bindiga ƙwarai, kuma shi ake koyarwa a horon koyon harbi na Project Appleseed, inda 10/22 ta fi yawa a hannun ɗalibai. Saitin da ta zo da shi ƙarami ne. Saiti mai ƙaramar huda a baya, irin na Tech Sights, yana ƙara tazara tsakanin na gaba da na baya, harbi ya fi daidaita. In madubin hange kake so, nemi wanda aka yi don .22, an daidaita shi a kusan yadi 50, na manyan bindigogi kuwa a yadi 100 ko fiye. Hattara da notuna huɗu na saman akwati: a alminiyam suke shiga, ɗan ƙarin murɗi zai cinye zaren. Noti mai tsawo fiye da kima kuma yana leƙawa ciki ya kama sakata, don haka ja sakata ka gwada bayan ka ɗaure.

Na uku ƙananan kayan ciki. In bayan wanki mai kyau da sauya magazin har yanzu kwanso na maƙalewa, sabuwar ƙugiya mai kaifin baki, irin ta Volquartsen, takan kashe matsalar da kuɗi kaɗan. Ƙusar baya mai kauri ana musanya ta da ta roba, tana rage ƙarar dukan ƙarfe, kuma ba ta zubewa da kanta. Akwai kuma ɗan ƙarfen kulle sakata da ke sakinta da ja ɗaya, maimakon lalube da hannu biyu.

Kunama ita ce sauyin da za ka fi ji a hannu. Ta asali tana buƙatar jan kusan laba 6, wato wajen kilo 2.7. BX-Trigger ta kamfanin Ruger tana sauka a laba 2.5 zuwa 3, kuma gida ne sukutum: cire ƙusoshi biyu, fitar da tsoho, sa sabo, ka maimaita gwajin Mataki na 8. Abin da nake roƙonka kada ka yi shi ne ɗaukar zarto ka goge haƙoran guduma don ka ga wani ya yi a bidiyo. Kaurin gashi ne tsakanin kunama mai laushi da bindigar da ke tashi in ta faɗi. In yara za su koya da ita, bar musu ta asali.

Bututu mai kauri da sabuwar ƙota su ne na ƙarshe, kuma tare suke tafiya, don bututun inci 0.920 ba ya zama a ƙotar asali. Nauyi zai ƙaru, mai yawon farauta ya yi tunani. A dokar tarayya, bututun irin wannan bindiga ba ya gaza inci 16 sai da rajista ta musamman a ATF, hukumar tarayya mai kula da makamai, kuma duk abin da zai sa ta yi harbi fiye da ɗaya da jan kunama ɗaya babban laifi ne mai kai mutum kurkuku. Jihohi irin su Niyok suna hana magazin mai ɗaukar fiye da 10, wasu kuma suna da sharuɗɗa kan irin ƙota da mariƙi, ka bincika dokar jiharka kafin ka yi oda.

Duk abin da ka cire, sa shi a leda ka rubuta sunansa ka adana. In wata rana za ka aika bindigar kamfani gyara, ko sabon kayan ya ƙi, da na asalin za ka mayar.